Akawalina da Dattijon Ibeto

Shekarun baya, tun ƙiba ba ta gama da ni ba, na taɓa mallakar wani doki akawal, baƙi wuluk, sai ɗan fari a goshi kamar an ɗiga masa nono. Jiya wani daga cikinku ya tambaye ni inda na koyi lallashin doki, har yana ce mini gwani. Tun jiyan nake juya tambayar a raina. Amsar ba ta da daɗi, amma gara in ba da ita yadda take.

Ni ɗan kasuwa ne, takin zamani da maganin feshi nake sayarwa a nan Kontagora. Ban tashi na ga doki a gidanmu ba. Kakana ne mai doki. Malami ne, da dokin yake zagaya ƙauyuka wajen ɗalibansa, kuma ya rasu tun ina rarrafe. Abin da ya rage shi ne turke a bayan gida, da wani tsohon linzami mai nauyi da mahaifiyata ta adana a adaka. Ni kuwa wannan ya ishe ni hujja cewa jinin mahaya ne a jikina. Da kasuwa ta ɗan yi kyau wata kaka, sai na je na sayi dokin, yana ɗan shekara uku, ba a taɓa ɗora masa sirdi ba.

Makonninsa na farko a gidanmu wasa kawai ya sani. Akwai ranar da ya fizge zanen mahaifiyata daga kan igiyar shanya, ya riƙa kaɗa shi sama da ƙasa, ita kuma tana bin sa da muciya tana dariya har da hawaye. Bai san tsoro ba. Ni na koya masa.

Da na tashi fara horo, sai na nemi shawara a majalisarmu ta ƙofar shago, wajen mutanen da yawancinsu ko jaki ba su taɓa hawa ba. Bakinsu ya zo ɗaya: doki sai ya ji tsoronka, in ka sake masa fuska ya raina ka ke nan. Na sayi dorina, na sayi kaimi, na karɓo linzamin kakana. Irin na da ne, mai zobe da ke kama haɓa, da wani ƙarfe da ke tokare saman baki in an ja. Cikin wata biyu ina hawa. Yana tafiya a karkace, yana ɗaga kai, yana taunar ƙarfe, kumfa na zuba, ni kuwa ina kumbura, a zatona taƙama yake yi.

Wata rana na dawo daga kilisa, mahaifiyata tana zaune tana tsince wake. Ta dubi bakin dokin, ta ga kumfar da ja a cikinta.

Ta ce, "Wannan jini ne nake gani?"

Na ce, "Inna, haka sabon doki yake, zai saba."

Ta ce, "Ni dai na zauna da kakanka shekaru. Da wannan linzamin yake hawa, ban taɓa ganin jini a bakin dokinsa ba. Da yatsa biyu yake riƙe ragama."

Na yi murmushi irin na wanda ya fi sani, na ce a raina mata ina suka san doki.

A cikin wannan lokacin ne wani abokina, malamin dabbobi, wanda muka yi firamare tare, ya buɗe mana guruf a waya na masu dawaki. Shi yake yawon allurar dabbobi a ƙauyuka, don haka ya san kowa. Ya tattaro mu, na cikin gari da na Salka da na Ibeto har da na Kumbashi. Ya ce kowa ya gabatar da kansa. Aka yi ta turo hotuna: kowa da dokinsa, wannan da kilinsa, wancan da dandansa. Ni na ci babbar riga, na hau, na sa aka ɗauke ni har sau goma kafin in zaɓi wanda tumbina bai fito ba.

Guruf ɗin ya yi daɗi. Ana hirar kaska, da tsutsar ciki, da inda ake samun harawa mai kyau, da yawan kanwar da ya kamata a jiƙa. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya.

A cikinmu akwai wani dattijo daga Ibeto, Bakambare, manomi. Ba ya rubutu, sai saƙon murya, kuma in ya fara ba ya gajartawa. Kana jin zakara na cara a bayansa, ana daka. Hausarsa ta koyo ce, yana ce wa namiji "ita", ya ce wa mace "shi". Zan rubuta maganganunsa a miƙe yadda na fahimce su, ba yadda ya furta ba, sai wuri ɗaya da ya zama dole. Na riga na yi wa Hausarsa dariya sau ɗaya, ya isa.

Abin da yake faɗa daban yake da na kowa. Ya ce shi sabon doki sai ya yi mako bai taɓa shi ba, zama kawai yake yi kusa da shi yana tufkar igiya, har dokin ya gaji da kallo ya zo da kansa. Ya ce in za ka koya masa juyawa, ka ɗan ja igiya kaɗan ka riƙe, da zarar ya karkato ko da faɗin yatsa ne, ka saki. "Ba jan ne karatun ba," in ji shi, "sakin ne. A nan yake gane ya yi daidai." Ya ce kada ka yi horo ran da ka yi faɗa da wani, don dokin zai ji a hannunka.

Wasu suka fara gwadawa. Wani malamin makaranta daga Salka ya ce goɗiyarsa da ba ta yarda a ɗaga mata ƙofato, yanzu da ya shafa ƙafar sai ta miƙo. Wani direba daga Kumbashi ya ce nasa yana firgita da buhu, sai ya riƙa ajiye buhun nesa yana matso da shi kullum, har ya kai yana ɗora masa a baya. Kowa na cewa Allah Ya saka wa Baba. Ni kuwa sai abin ya riƙa ci mini rai. Ina jikan mai doki, ina cikin gari, a ce ɗan ƙauye ne malaminmu?

Sai abokina ya ce tunda an saba a waya, a haɗu a ga juna. Aka sa wata Asabar da hantsi, a wata gonar mangwaro a bayan gari. Mun kai mu goma sha wani abu. Dattijon ya riga kowa zuwa, ashe tun jiya ya taso ya kwana wajen 'yan uwansa. Ɗan siriri ne, da takalmin roba da tawul a wuya. Jar goɗiyarsa kuwa ba linzami, igiya ce kawai a kanta, ya sake ta tana kiwo ba turke ba dabaibayi.

Ni na iso a ƙarshe, da gangan. Na sa kaimi, akawal ya zabura, na ja linzami ya tsaya cak yana ɗaga ƙafafun gaba. Aka yi tafi. Na sauko ina haki kamar ni na yi gudun.

Ana cikin gaisawa sai na ga dattijon ya nufi dokina. Bai tunkare shi gaba da gaba ba. Ya tsaya a gefe, ya ba shi kafaɗa, yana kallon ƙasa. Ya daɗe a haka. Dokin da ko ni sai na yi dabara nake kama kansa, sai ga shi ya sauke wuya, ya fesar da iska ta hanci, ya matso. Dattijon ya sa yatsa a hankali ya ɗaga leɓensa. Kowa ya gani. Gefen bakin duk ya tsage, wani ciwon ya warke wani sabo a kansa.

Ya juyo ya ce, "Alhaji, bakinta ya lalace. Ita wannan ba taƙama take yi ba, ciwo take ji. Tana tsoronka. Ka ba ni ita wata biyu, ko kai ka riƙa zuwa mu yi tare."

Ba da izgili ya faɗa ba. Yau na san haka. Amma a lokacin abin da na ji kawai shi ne idanun mutane a kaina. Kunnuwana suka yi zafi. Na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji:

"Baba, ka fara koyon bambanta doki da goɗiya tukuna, kafin ka koya mini hawa."

Wasu suka fashe da dariya. Wasu suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya yi ɗan murmushi, ya goge yatsansa da tawul, ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji, Hausa ta fi ƙarfina. Amma dokin ba da Hausa yake kuka ba."

Ya zauna aka ci abinci da shi, ya yi wa kowa sallama har da ni, ya hau goɗiyarsa ya tafi. Daga ranar saƙonsa bai ƙara shigowa ba. Bayan 'yan makonni muka ga ya fita daga guruf ɗin.

Abokina ya same ni a shago, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Kai, ka san abin da ka yi kuwa? Mutumin nan ya haife ka. Ya taso tun daga Ibeto don ya ga fuskokinmu."

Na ce, "To shi wa ya aike shi ya buɗe bakin dokina a gaban jama'a?"

Ya ce, "Ni da nake malamin dabbobi na ga bakin nan tuntuni, nauyinka na ji na yi shiru. Shi ya fi ni gaskiya."

Na ce in wa'azi ya zo yi, ina da ciniki.

Daga nan sai na ɗauki abin kamar gasa. Na ƙudura sai na nuna musu dokina zai ladabtu ta hanyata. Na ƙara matsa masa. Shi kuma ya ƙara lalacewa. In na shigo bayan gida sai ya kwantar da kunnuwa, ya juyo mini da baya. In ya ji ƙarar linzami sai jikinsa ya ɗauki rawa.

Wata rana bayan la'asar, an ɗauke ruwan sama, na zo zan sa masa linzami ya ƙi buɗe baki. Na matsa, ya ɗaga kai sama. Na jawo, ya fizge har ya buge ni a haɓa na ciji harshe. Ban san lokacin da na juya dorina na kai masa duka da gindinta a fuska ba. A idon hagu ta same shi.

Ƙarar da ya yi ba haniniya ba ce. Ban taɓa jin doki ya yi irinta ba, kafin nan ko bayan nan. Mahaifiyata ta fito da gudu ba ko ɗankwali, tana salati. Ta dubi dokin, ta dube ni, ta koma ɗaki.

Abokina ya zo ya wanke idon, ya yi allura, ya riƙa zuwa kullum har mako biyu. Bai yi mini maganar da ta wuce ta magani ba. Kumburin ya saɓe, amma idon ya yi fari fat. Ya tafi ke nan.

Doki mai ido ɗaya, mai tsoro, ya zama abin tsoro shi ma. Duk abin da ya motsa ta hagunsa sai ya kai harbi. Ya fasa kwatarniyar ruwa, ya cije ni a kafaɗa har yau da tabon. Mahaifiyata ta kira ni ta ce, "Akwai jikoki a gidan nan. Ka fitar da shi kafin ya kashe wani. Amma ka sani ba haka ya zo mana ba."

Na kira wani dillalin dabbobi. Abokina da ya ji ya ce mini, "Wannan mutumin masu lodi yake sayar wa. A mota ake kwasar su a yi kudu da su, kuma ka san ba hawa ake kai su yi ba." Na ce ko ina za a kai shi a kai shi. Ranar da aka zo ɗaukarsa sai da mutum huɗu suka taru da igiyoyi. Ni ban tsaya ba, na tafi shago. Na fita daga guruf ɗin ni ma, na ce wa mutane harkar doki ɓata lokaci ce.

Kusan shekara guda bayan haka, farkon damina, na kai taki Salka ranar kasuwa. Na gama saukewa ina neman inda zan yi alwala, sai na hango wani baƙin doki a gindin ɗorawa. Igiya ce kawai a kansa, an ɗan sagala ta a reshe. Mata na wucewa da kaya a kafaɗa dab da shi, babura na tsala ƙara, shi kuwa ya sassauta ƙafar baya ɗaya yana gyangyaɗi. Ya yi ƙiba, gashinsa na sheƙi. Da ya juyo kai don korar ƙuda, sai na ga farin idon, da ɗigon farin goshi.

Dokina ne. Na matsa, na ce, "Kai! Kai ne?"

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Dokin ya farka kamar an ɗana masa wuta. Ya ja da baya har igiyar ta zame daga reshen, ya tsaya can yana karkarwa, gumi na keto masa a wuya, yana kallona da ido ɗayan. Duk kasuwar nan, da hayaniyarta da ɗaruruwan mutanenta, ba wanda yake tsoro sai ni.

Sai na ji murya a bayana tana cewa, "Alhaji, ɗan ja baya kaɗan. Kada ka ƙara magana tukuna."

Dattijon Ibeto ne, da ƙullin gishiri a hannu. Ya wuce ni, ya je ya tsaya a gefen dokin ta dama, ya ɗora tafin hannu a wuyansa, ya bar shi a nan har rawar jikin ta lafa. Sannan ya dawo ya miƙo mini hannu biyu, ya tambayi gida, ya tambayi Hajiya mahaifiyata, ya tambayi kasuwa, kamar jiya muka rabu lafiya.

Daga baya na ji yadda aka yi. Ranar da dillali ya tafi da dokin, abokina ne ya buga wa dattijon waya. Washegari da sassafe ya hau babur ya zo, ya sami dillalin kafin a yi lodi. Ya ba shi ɗan dukushin da jar goɗiyarsa ta haifa, lafiyayye, wanda ya yi shekara biyu yana reno, ya karɓi makahon doki mai cizo a madadinsa. 'Ya'yansa har sun yi fushi da shi. Abokina bai taɓa gaya mini ba, ya ce bai ga amfanin faɗa wa wanda bai tambaya ba.

A nan gindin ɗorawar na ce, "Baba, ka sayar mini da shi. Duk yadda ka ce."

Ya ce, "Ba ni zan ce ba. Ka zo gida ran Asabar, mu tambaye shi."

Na je. Na hau babur na tafi Ibeto, na sami gidan a bakin gonar dawa. Ya kifa mini turmi a nesa da turken, ta ɓangaren ido mai gani, ya ce in zauna. Kada in kalle shi, kada in yi magana, don muryata ce ya fi riƙewa. Ya ba ni damin harawa ya ce in riƙe kawai.

Ku yi tunanin Alhaji guda, da hula da agogo, a kan turmi kamar ɗalibin da aka sa horo, kaji na tsattsagar takalmina, matan gida na leƙowa suna ƙunshe dariya. Na yi awa biyu a haka. Dokin ya koma iyakar inda igiyarsa ta kai, ko ciyawa ya ƙi ci sai da na tafi.

Na koma Asabar ta biyu, da ta uku. In an gama zaman turmi sai mu koma inuwa a kawo mana kunu, mu yi hira. Ya ce wata huɗu ya yi kafin dokin ya bari ya taɓa masa kai. Ya ce kullum in zai zagaya ta hagunsa sai ya riƙa ɗan tari, don dokin ya san inda yake. Bai taɓa cewa "ka gani ko?" ba. Ko sau ɗaya.

Wata rana na tambaye shi wa ya koya masa. Ya ajiye ƙoƙon kunun. Ya ce yana saurayi babansa na da wata goɗiya. Aka yi wasa a wani ƙauye, yana son ya isa kafin wani abokin hamayyarsa wajen wata budurwa. Ya saci goɗiyar da tsakar rana cikin bazara, ya yi ta dukanta tana gudu. Sun kusa isa ta durƙushe, ba ta ƙara tashi ba.

"Babana bai dake ni ba," in ji shi. "Ya ba ni fartanya da magirbi, ya ce in haƙa mata rami ni kaɗai, kada kowa ya taya ni. Ka san girman ramin doki, Alhaji? Ƙasa ta bushe. Kwana biyu ina haƙa, tana kwance a gefena. Tun daga nan ban ƙara ɗaga wa dabba hannu ba." Ya ɗan yi dariya. "Budurwar ma wancan ta aura."

A wannan ranar ya kamata in ce masa, Baba, ka yafe mini maganar da na faɗa maka a gonar mangwaro. Ya buɗe mini cikinsa, ya nuna mini shi ma ya taɓa ɓata. Na buɗe baki zan faɗa. Sai na tsinci kaina ina tambayarsa ko dawarsa na bukatar taki. Asabar ta gaba na ɗauro masa buhun taki a babur. Ta gaba na kawo kanwa da dusa. Ya yi ta godiya. Ni kuma ina gaya wa kaina ai ya gane, ai kyautar ta isa magana.

A zuwana na bakwai ko na takwas, ina zaune a kan turmin har na fara gyangyaɗi, sai na ji iska mai ɗumi a bayan hannuna. Ban motsa ba. Ta wutsiyar ido na gan shi. Ƙafafunsa suna can nesa, a shirye da gudu, ya miƙo wuya iyakar tsawonsa. Ya kama harawar da leɓe, ya fizga, ya yi tsalle ya koma. Ya tsaya can yana tauna yana kallona.

Hawaye suka zubo mini, ban ma tsaya jin kunyar matan gidan ba.

Dattijon ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya ce, "Alhaji, ka ji amsarsa. Ya yi ƙoƙari. Wannan ne iyakar abin da zai iya ba ka. In ka mai da shi wancan gidan, ya ga wancan turken, komai zai dawo masa sabo. Ka bar shi a nan. Ran da ka so ganinsa, ka zo."

Na ce na yarda.

Daga nan kasuwar taki ta buɗe sosai, Asabar ta zama ranar da ba na iya barin shago. Na ce bari a yi kaka. In an yi girbi zan je takanas, in tafi da abokina ya zama shaida, in roƙi gafararsa a gaban iyalinsa, sannan in roƙe shi ya dawo guruf, ni ma in koma, in faɗa wa kowa ni ne na yi kuskure. Har na tsara kalmomin da zan faɗa.

Dawa ta fara fitar da kai, wata Talata da safe ina buɗe shago, abokina ya kira ni. Ya ce Baban Ibeto ya rasu, zazzaɓi na kwana uku. Har an kai shi.

Mun je gaisuwa. Bayan an yi addu'a na ja babban ɗansa gefe, magidanci ne sa'ana. Na ce masa akwai haƙƙin mahaifinsu a kaina, na kwashe abin da ya faru a gonar mangwaro na gaya masa, kalma da kalma. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Wallahi Alhaji, Baba bai taɓa faɗa mana ba. Da ya dawo daga taron nan cewa ya yi an karɓe shi hannu biyu, an ba shi shinkafa da nama. Da muka tambaye shi me ya sa ya bar guruf, sai ya ce wayar ce ke cinye masa caji." Ya ce su dai sun yafe, kuma ya tabbata Baba ya yafe.

Ni ma ina zaton ya yafe. Amma yafewar da aka yi maka ba ka roƙa ba, nauyinta daban ne. Ya rufa mini asiri ko a wajen 'ya'yansa, ni kuwa na tozarta shi a gaban baƙi, kuma na yi Asabar bakwai ko takwas ina shan kununsa ban iya buɗe baki na faɗi kalma uku ba.

Dokin ya zauna wajen ɗan nasa, ya yi shekaru yana kai shi gona da kasuwa, har ya tsufa ya mutu a turkensa. Nakan je in gan shi. Daga nesa nake tsayawa, kuma ba na magana.

Na koma guruf ɗin daga baya, na ba da labarin nan gaba ɗaya da bakina. Waɗanda suka yi dariya a ranar, biyu daga cikinsu sun kira ni, suka ce su ma abin na damunsu. Yanzu in sabon mutum ya shigo yana tambayar wace dorina ce ta fi kyau, ni ake turo wa. Duk abin da nake gaya musu na dattijon nan ne, ban ƙara ko ɗaya daga kaina ba. In kun ji ana ce mini gwani, to ga inda gwanintar ta fito: doki ɗaya ya rasa ido, mutumin kirki ɗaya ya sha kunya.

Abin da na koya ba shi da yawa. Dabba ba ta riƙe ka a zuci yadda mu muke yi, amma jikinta ba ya mantuwa, kuma akwai ɓarnar da ko ka gyara hali ba ta gyaruwa duka. Na kuma koyi cewa buhun taki ba ya zama "ka yafe mini". In akwai wanda yake bin ku wannan kalmar, kada ku jira a yi girbi.

Yanzu ina da wata goɗiya, fara, da na rena tun tana 'yar wata shida. Ban taɓa dukanta ba. Da ta ji buɗe ƙofata da safe sai ta yi ƙaramar haniniya, ta zo ta ɗora haɓarta a kafaɗata, ta bar mini nauyin kanta gaba ɗaya. Baƙi in sun gani sai su ce ma sha Allah, Alhaji dabba na son ka. Nakan ce alhamdu lillahi. Amma ban taɓa jin daɗin abin har cikin raina ba, don na san wanda ya kamata a ce ya sami wannan hannun nawa, bai samu ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Ku sa shi a addu'a.